Kociyan Babban Yatsa

Mang Pulgo bai taɓa riƙe gorar buga ƙwallon besbol ba sai da ya haura sittin, amma idan ka ji shi yana bayani a shagon askina, za ka rantse tare da shi aka ƙirƙiro wasan. Sunansa na gaskiya Fulgencio Dimaculangan, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da shagona a unguwar Pulong Saging, kuma shi ya tsaya wa ɗana na fari ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Pare.

Abin ya samo asali ne daga wani kwali da 'yarsa Luzvi ta aiko daga Osaka, can ƙasar waje. A ciki akwai sabulai, da cakulan, da takalmin uwarta, sai na'urar gem da ake haɗawa da talabijin, da wasan besbol a ciki, wai na jikoki in sun zo hutu. Jikokin sun zo, sun koma, ba su taɓa ta ba.

"Pare, ka daina ce masa gem," in ji shi wata safiya ina rage masa ɗan gashin da ya saura. "Kana ganin gumi yana gangarowa a wuyan mai jifa. Iska ta kaɗa, ciyawa ta kwanta. Jiya wani ɗan kallo ya zubar da lemo a cinyarsa, matarsa ta harare shi."

"Har matar suka saka?"

"Har hararar. Wanda ya ƙware a wannan, ya ƙware a fili. Babu bambanci ko na ƙwayar shinkafa."

Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda ya cutu. To amma akwai filin tsohon injin rake da yake tsakaninmu da unguwar Ilayang Bukal. Duk shekara ranar fiyesta, bikin waliyyin unguwa, magidantan da suka wuce arba'in daga ɓangarorin biyu sukan kara. Wanda ya ci, filin nasa ne kowace Lahadi har shekara ta zagayo. Wanda aka ci sai ya koma harabar firamare, inda bishiyar mangwaro take tsaye a tsakiyar fili. Mun daɗe muna riƙe da filin, da ƙyar da jiɓin goshi, saboda tsohon kociyanmu Lolo Badong. A shekarar nan ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa Manila.

Shugabar unguwa, Kapitana Belen, ta tara mu ta ce wa zai karɓi aikin. Kowa ya sunkuyar da kai. Mang Pulgo ya miƙe.

"Na ci kofi huɗu a jere," ya ce.

"A ina?" in ji Kapitana.

"A falona."

Aka yi dariya. Da dariyar ta lafa, Kapitana ta sake tambaya, kowa ya sake sunkuyar da kai. Haka Mang Pulgo ya zama kociya.

Ranar atisayen farko muka taho da safofin hannu da goruna, sai ya tare mu a ƙofar gida ya ce mu cire takalma. Magidanta tara muka jeru a kan kujerun matarsa, Aling Sioning, waɗanda har yau ba a cire musu ledar kanti ba. Rimot biyu ne, ana karɓa-karɓa. Mang Ambo mahauci, mai tsare mana ta farko cikin tashoshi uku da mai bugu yake zagayawa kafin ya dawo gida ya ci maki, babban yatsansa ya kai faɗin cokali, ko wane maɓalli ya nufa sai ya danne uku. Mutumin da yake sarrafawa a talabijin ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar kaza ta sha magani.

Turing mai walda, wanda shi ne mai jifanmu, ya ce, "Mang Pulgo, yaushe za mu jefa ƙwallo?"

"Ka jefa ɗari tun da ka zauna."

"Ina nufin da hannu."

"Hannu gajiya yake yi, Turing. Ƙwaƙwalwa muke horarwa."

A sati na biyu ya ce za a ƙara wa atisayen kama da gaskiya. Ya karɓi gorata, ya tsaya gaban talabijin, ya ware ƙafafu, ya ɗan turo baya kamar yadda mutanen cikin gem suke yi. Ya ce mu lura da ƙugunsa. Mai jifan talabijin ya sako ƙwallo, Mang Pulgo ya zuba bugu da iya ƙarfinsa. Gora ta haɗu da fankar sama. Fiffike ɗaya ya tsinke, ya bi ta ƙofar kicin, muka ji faɗawarsa cikin tukunya.

Aling Sioning ta fito riƙe da fiffiken, miya tana ɗiga.

"Fulgencio, wannan maki nawa ne?"

"Rufin ɗakin ne ya yi ƙasa, Sioning. A filin gaske babu fanka."

"To ka je inda babu."

A ranar ta sa aka fitar da talabijin ɗin baranda. Tun daga nan atisayenmu ya zama abin kallon unguwa. Masu sayar da soyayyiyar ayaba suka dawo da teburansu bakin ƙofar, direbobin keke mai ƙafa uku suka mayar da wurin tasharsu.

Jama'ar ce ta ƙara masa ƙaimi. Ya gano cewa a gem ɗin mutum yana iya ƙera 'yan wasansa, ya zaɓar musu fuska da tsayi, ya ba su makin ƙarfi da na gudu daga ɗaya zuwa ɗari. Ya ƙera mu gaba ɗaya, ya kira unguwa ta zo ta gani.

Na fara fitowa. Sanƙona ya ninka na gaske, har yana walƙiya.

"Pare, ai da saura a gefe," na ce.

"Ta baya nake ganinka kullum. Kai ba ka taɓa gani ba."

Sai Mang Ambo ya fito, da makin gudunsa a ƙasa: goma sha biyu.

"Cikin nawa?" in ji Mang Ambo.

"Cikin ɗari."

"Kunkuru nawa aka ba shi?"

"Babu kunkuru a ƙungiyar. Gaskiya ake so, Ambo. In na yi maka ƙarya, lissafin ya ɓaci."

Matar Mang Ambo ta ratso jama'a ta sa yatsa a kan gilashin. Ita ba ruwanta da gudu. Ta ce wannan ba hancin mijinta ba ne, shekara talatin tana kwana kusa da hancin nan, ta san shi. Aka yi ta sauya hanci, ita tana cewa a'a, mutanen baranda suna kaɗa ƙuri'a, har aka daidaita a kan wanda ya fi na farko girma.

Daga ƙarshe wani saurayi ya bayyana a benci, ɗan canji. Kafaɗa kamar ƙofar coci, suma baƙa ƙirin ta kwanta baya, tasa'in da tara a komai. A bayan rigarsa an rubuta Dimaculangan.

Aling Sioning ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallonsa.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne mana."

"In kun haɗu da shi a hanya," ta ce wa jama'a, "ku gaya masa ina gida."

Bai ji kunya ba. Ya ƙera 'yan Ilayang Bukal su ma. Mai jifansu Dok Ilagan ne, likitan haƙori, dogon mutum mai sanyin magana. Mang Pulgo ya ba shi maki ashirin a jifa, saboda ya taɓa cire masa turmi ya kwana biyu bai ci abinci ba. Sannan ya haɗa ƙungiyoyin biyu a talabijin, muka lallasa su sha huɗu da babu.

Washegari ya hau bayan keke da lasifika, ya zagaya unguwarmu, ya kuma tsallaka tasu, yana sanar da cewa kimiyya ta riga ta buga wasan, ranar fiyesta maimaici kawai za a yi. Ya lallaɓa Aling Sioning ta yarda za ta dafa farfesun ƙafar sa, tukwane manya, na walimar nasara. Ya sa aka buga ƙyalle mai faɗin bango da sunayenmu, da hoton saurayin nan mai suma a tsakiya. 'Yan Ilayang Bukal, waɗanda a da sai ana gobe wasa suke neman safofinsu, suka fara fitowa atisaye kullum da yamma a ƙarƙashin mangwaro.

Na same shi na ce, "Pare, ko sau ɗaya mu taka filin."

"Ka ji tsoro ne?"

"Na ji gwiwata ta manta yadda ake tsugunno."

"Gwiwarka saba'in ce. Na duba."

Ranar fiyesta aka wayi gari da ruwa. Ya ɗauke kafin hantsi, ya bar fili da taɓo, ga kuma sawun ɓaunar noman da ta kwana tana kiwo a wurin. Unguwanni biyu suka cika gefen fili, da laima, da ganguna, da kujerun roba. Mang Pulgo ya iso cikin fararen kayan wasa sababbi fil, da baƙin tabarau, rimot yana rataye a wuyansa inda kociya yake rataye usur.

Ni ne mai cafka, wato mai cafke jifan Turing. Na tsugunna bayan mai bugunsu na farko, gwiwata ta yi ƙara har alƙalin wasa ya waiga. Turing ya ɗaga ƙafa zai jefa, sai muka ji murya daga benci.

"Da'ira, Turing. Da'ira."

Turing ya sauke ƙafa. "Mene ne da'ira?"

"Maɓallin dama. Jifan da yake lanƙwasa."

"Mang Pulgo, jifa biyu na iya. Mai sauri, da wanda nake yi in na gaji."

"To murabba'i."

Dok Ilagan, yana zaune a bencinsu, ya sa hannu a baki ya ce wa mai bugunsa, "Murabba'i mai sauri ne, ka shirya." Sannan ya ɗaga wa Mang Pulgo hannu. "Ina da gem ɗin a ɗakin jira, na masu tsoron allura."

Mai bugun ya shirya, ya aika ƙwallon kusa da rake.

Duk da haka ba mu watse ba. Tun muna yara muke wannan wasa, jiki bai manta duka ba. Muka daina kallon benci, muka koma alamun da Lolo Badong ya bar mana. Duk bugun da ya yi kyau, Mang Pulgo yakan juya wajen jama'a ya buga ƙirji. Duk wanda ya ɓaci, sai ya girgiza rimot ya hura masa iska.

A tsakiyar wasa Turing ya fara sassautawa. Kociya ya tako cikin fili, yana tsallake taɓo da ƙafa ɗaya-ɗaya.

"Layinka ya koma ja?"

"Wane layi?"

"Layin ƙarfi. Kore ne ko ja?"

"Ba ni da layi, Mang Pulgo. Kafaɗa gare ni, kuma ciwo take."

"In ba ja ba ne, ci gaba."

Mang Ambo kuwa tun safe yake ta huci. Goma sha biyun nan tana cinsa. Da layi ya zo kansa, ya ɗirka wa ƙwallo bugu, ya jefar da gora, ya zuba a guje irin gudun da ko ranar da sa ya ƙwace masa a kwata bai yi ba. Ya wuce tasha ta farko, tumbi yana gaba yana binsa. Dab da ta biyu wani abu ya ce ƙas a bayan cinyarsa. Mutum huɗu suka ɗauke shi a kan tebur ɗin mai ayaba. Da suka zo wucewa ta gaban benci ya ɗago kai.

"Yanzu nawa ne?"

Mang Pulgo ya yi tunani. "Sha biyar."

Sai da aka danne Mang Ambo a kan teburin.

Alƙalin wasa, wani tsohon ɗan sanda mai ƙarancin magana, ya ce mu kawo ɗan canji. Muka dubi juna. Ba mu da kowa.

"Ga shi can," in ji Kapitana Belen, tana nuna ƙyallen. "Tasa'in da tara."

"Ni kociya ne, Kapitana. Ƙungiya tana bukatar idona daga waje."

"Ƙungiya tana bukatar mutum tara. Ko ka shiga, ko a ba su fili yanzu."

Ya cire rimot ya miƙa wa Aling Sioning. Ta jefa shi cikin jakar cefane. Muka ajiye shi can gefen dama, inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba, kuma Allah ya taimake mu ba ta je ba.

Aka shiga zagayen ƙarshe suna gabanmu da maki ɗaya. Aka fitar da masu bugunmu biyu. Saura ɗaya wasa ya ƙare, kuma layin Mang Pulgo ne. Ni ne a bayansa.

Ya tsaya, ya ware ƙafafu, ya turo baya. Sai ya waiga wajen alƙali.

"Ina zoben nan?"

"Wane zobe?"

"Wanda yake nuna inda ƙwallo za ta biyo."

"Za ta biyo ta gabanka," in ji alƙali.

Dok Ilagan ya yi murmushi daga inda yake. "Kada ka damu, Mang Pulgo. In na taɓa haƙori, ina buɗewa Litinin."

Jifan farko ya wuce, bai ma san an yi ba. Ya ɗaga hannu ya ce a dakata, a rage saurin, shi a matsakaici ya saba. Jifa na biyu ya kai bugu bayan ƙwallo ta riga ta zauna a safar mai cafka, gorar ta suɓuce ta tafi ta kifar da kaskon mai ayaba. A na uku ya rufe ido ya juya baya, ƙwallo ta same shi ɗas a mazaunai.

Alƙali ya nuna masa tasha ta farko, don doka ta ce wanda jifa ya sama ya wuce kyauta. Ɓangarenmu ya kaure da ganga. Mang Pulgo ya tafi yana ɗingishi, yana ɗaga wa mutane hannu.

"Dabara ce," ya ce wa mai tsaron tashar.

Sai ni. Zan faɗi gaskiya, tun ina saurayi ban yi bugu irin na ranar ba. Na ji shi tun daga tafin hannu. Ƙwallo ta tashi, ta wuce kan kowa, ta faɗa bakin gonar rake ta gangara ciki. Mutum biyu nasu suka kutsa nema. In Mang Pulgo ya zagayo gida an yi kunnen doki, in na biyo shi mun ci. Sharaɗi ɗaya ne, ba ni da ikon wuce shi.

Na iso tasha ta farko yana tsaye yana tafa mini.

"Pare, gudu za ka yi."

"A gem da kansu suke tafiya."

"Nan da ƙafa ake yi. Tafi."

Ya tafi. Kafin tasha ta biyu numfashinsa ya koma kamar zugazugin maƙera. Ina biye da shi taku-taku, har ina taka masa dunduniya. Tabarau ya faɗi, bai tsaya ba. Ya zagaya ta uku, hula ta faɗi. A lokacin ne wani ya fito daga rake da ƙwallo a hannu, amma yana da nisa, ko tafiya Mang Pulgo ya yi zai riga ta. Unguwarmu gaba ɗaya tana tsaye tana kiran sunansa. Ina jin wannan kiran ne ya kashe mu.

Na ga ya rage gudu, ya miƙa hannaye gaba.

"Pare, kar ka yi," na ce.

A gem, in mutum zai shiga gida cikin isa, yakan yi tsalle da ciki ya zame a ƙasa, ƙura ta tashi, ya shafi farantin da yake alamar gida da yatsa. Mang Pulgo ya yi tsallen tun daga nesa. Ya sauka a daidai inda ɓauna ta kwana. Aka ji ɓaf, taɓo ya watsu har kan kujerun gaba. Bai zame ko taƙi ɗaya ba. Ya kafe, hannaye a miƙe, tsakaninsa da farantin kamar tsawon mutum.

Na ja birki a bayansa na tsaya.

"Tashi, Pare."

"Dakata, yanzu zan zame."

"Ka rarrafa."

Ya gwada iyo. Ƙafafu suna harbawa, hannaye suna ja, ciki yana nan inda yake. Ƙwallo ta zo daga hannu zuwa hannu. Mai cafkarsu, wanda surukin ƙanwar Aling Sioning ne, ya karɓa, ya tako a hankali don kada ya zame, ya durƙusa.

"Gafara dai, Mang Pulgo," ya ce, ya taɓa shi da ita a kafaɗa.

Haka filin ya tafi, da bugun da ba zan sake yin irinsa ba. Na tsaya a wurin ina kallon rake, ban san ko in yi kuka ko in zauna a kansa ba. Daga baya ni da Dok Ilagan muka kama ƙafafunsa muka zaro shi. Taɓon ya sake shi da wata ƙara da har yau yara suke kwaikwaya.

Tunda an riga an dafa farfesu, Kapitana ta gayyaci 'yan Ilayang Bukal. Suka zauna a ƙarƙashin ƙyallenmu suna tsotse ɓargo, suna yaba hannun Aling Sioning. Mang Pulgo ya zauna a kan matashi, da gefe ɗaya, taɓo ya bushe masa a gira.

"Ban ga laifin kowa ba," ya ce wa teburin. "Filin ne ba shi da inganci. Ba a tsara ƙasar daidai ba. Mutum ya yi tsalle irin wannan, dole ya zame. Kuma ƙwallon tana zuwa da saurin da bai yi kama da gaskiya ba."

"Gaskiyar ce ba ta yi kama da gaskiya ba ke nan," in ji Dok Ilagan.

"Ka fahimce ni, Dok."

Aling Sioning ta ajiye ludayi. "Fulgencio, su mutanen cikin gem ɗin, in sun yi birgima haka, wa yake wanke musu kaya?"

"Ba kowa. Wasa na gaba za ki gan su fari tas."

"To madalla. Ka rataye naka mu jira."

Ya rataye su a baranda. Suka kwana uku a wurin, ƙudaje suna ziyara, masu wucewa suna tsayawa su duba ko sun fara fari. A rana ta huɗu na buɗe shago da safe, sai na hango shi a bakin famfon unguwa, tsugune gaban baho, kumfa har gwiwar hannu. Turing ya zo wucewa da safa da ƙwallo, zai je ya gwada yadda ake jifa ta gefen mangwaro. Ya tsaya.

"Kociya, wanki ake?"

Mang Pulgo bai ɗago ba. Ya murɗe ƙafar wandon, ya matse, ruwan taɓo ya zuba.

"Atisayen wuyan hannu ne," ya ce. "Gobe kowa ya zo da bahonsa."